Modelin ko furofayilin? Ni dai akwatin sifika ne ya fi damuna

Ranar Asabar ɗin da ta wuce wani yaro da nake koya wa jita ya kira ni wajen ƙarfe 4 na yamma, suna wani hol a Barnawa ana shirin dina, muryarsa har rawa take. Wai yaya dan Allah ka taimaka, sabon fedal ɗin nan na sarrafa sautin jita da na saya na jona shi a miksa amma ƙarar da ke fitowa kamar an tsokano gidan zuma, mai sawun ma ya ce ko in gyara ko ya zare min waya. Ban ma tambaye shi wane amf ya zaɓa ba, nace duba sikirin ɗinka, akwai wani ɗan akwati da aka rubuta CAB ko IR, wato mai kwaikwayon akwatin sifika, a kunne yake? Ya yi shiru, can ya ce a kashe yake yaya, tun a gida na kashe shi don in na kunna sai sautin ya toshe kamar an rufe shi da bargo. Nace to a gida da ƙaramin amf ɗinka kake ji, nan kuma manyan sifikun hol ne, kunna kawai. Ya kunna. Ta cikin wayar ma naji zumar nan ta watse.

Abin ya tsaya min a rai saboda a gurup ɗinmu na masu jita, mu na nan Kaduna da ƴan Zariya da wasu daga Jos, kusan wata biyu kenan ana ta musu a kan abu ɗaya, modelin ne ya fi ko furofayilin, wannan ya turo bidiyo wancan ya turo, har an fara jin haushin juna, kuma duk cikin masu musun da wuya ka ji wanda ya ambaci akwatin sifika. Alhali wallahi a ganina rabin sautin ko fiye yana can ne.

Bari in ɗan warware ma wanda bai saba da kalmomin ba. Amfilifayar jita ta asali, amf a taƙaice, irin mai kwalabe ɗin nan da ke ɗaukar zafi su yi ja a ciki, ita ce kowa ke so ya kwaikwaya. Fender Twin Reverb, Vox AC30, Marshall, su ne sunayen da za ka gani ko da an ɗan karkatar da rubutun a cikin kowane fedal. Matsalarsu nauyi, tsada, ga kuma sai ka ƙure musu murya kafin su ba ka wannan gurnanin mai daɗi, wanda a ɗakin haya a Narayi ba mai barin ka. Shi ne aka nemo hanyar sa su cikin kwamfuta, kuma hanyoyin biyu ne.

Modelin shi ne kamar tela ya samu wata babbar riga da ta burge shi, ya zauna ya warware ta ɗinki bayan ɗinki, ya auna kowane ƙyalle, ya gane yadda aka yanka aka haɗa, daga nan zai iya ɗinka ta a kowane girma. Injiniyoyi suna buɗe amf ɗin su bi sakit ɗinsa, kwalbar gaba irin 12AX7 me take yi in an matsa mata, na baya irin 6L6 ko EL84 yaya suke numfashi, tiransifoma fa, maɓallan bes da midil da tirebul yaya suke shafar juna, sai su rubuta duk wannan da lissafi. Shi ya sa in ka murɗa gen, wato maɓallin ƙara gurnani, a modelin mai kyau yana amsawa kusan yadda na gasken zai amsa. Kamfanin Line 6 na Amurka ne ya watsa abin a duniya da jan POD ɗin nan mai siffar wake a 1998, Fractal Audio suka fito da Axe-Fx a 2006, Helix ya zo 2015. Kuma duk ƙananan da muke iya saya a nan, su Zoom da Boss GT-1 da NUX da Valeton, asalinsu ƴaƴan wannan gidan ne.

Furofayilin kuma ba ruwansa da buɗe amf. Ka san mutanen nan masu kwaikwayon murya, wanda zai saurari mutum yana magana na ɗan lokaci ya tashi ya yi maka muryarsa har ka waiwaya? To haka. Na'urar tana tura wasu ƙararraki cikin amf ɗin, wani kamar iska wani kamar jiniya, ta saurari abin da ya fito, ta kwatanta da abin da ta tura, ta daidaita kanta har su yi kama. Wani Bajamushe Christoph Kemper, wanda tun da can shi ya ƙera kibod ɗin Access Virus, shi ya fito da Kemper Profiler a 2011. Daga baya Neural DSP na ƙasar Finlan suka kawo Quad Cortex, IK Multimedia na Italiya suka kawo ToneX a 2022, su suna kiran nasu kafca amma tunanin ɗaya ne. Sai kuma wanda ya fi shafar aljihun irinmu, Neural Amp Modeler, NAM a taƙaice, da Steven Atkinson ya rubuta ya sake shi kyauta kowa ya ɗauka.

Sai dai mai kwaikwayon murya abin da ya ji kawai ya iya. In ya saurari mutum yana hira cikin raha, kada ka ce ya yi maka muryarsa ta faɗa, zai yi wani abu dai amma ƙirƙira ce. Haka furofayil yake, yadda aka saita maɓallan amf a ranar da aka ɗauka, nan ya tsaya. Za ka iya ƙara gen ko rage tirebul daga baya, amma ba amf ɗin ne ke amsawa ba, na'urar ce ke kintace. Kemper da kansu sun san da wannan, shi ya sa a 2023 suka ƙaro abin da suke kira Liquid Profiling, wato a ɗora maɓallan modelin a kan furofayil. Kaga kenan su masu ƙerawar ma sun fara haɗa hanyoyin biyu, mu ne a gurup muke ta ɗaga jijiyar wuya.

Ni ban fahimci duk wannan da kunnena ba sai a kan amf ɗin Baba.

Baba wani dattijo ne a Kakuri, shi ya fara ɗora min yatsu a kan jita ina ɗan sakandare. Ya yi kiɗa a ban, wato ƙungiyar makaɗa, tun lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, ma'aikata su karɓi albashi ƙarshen wata su cika wuraren rawa, yakan ce a lokacin mai jita ba ya kwana da yunwa. Abin da ya rage masa daga wancan zamani shi ne wani tsohon Fender Twin Reverb mai farar fuska, sifika biyu masu inci 12, nauyinsa ya kai kilo 30, na wutar Amurka ne don haka kullum da tiransifomar rage wuta a gefensa. Rigar gabansa ta yage, ƙafa ɗaya an yi mata ciko da katako. Amma in ya kunna ya bar shi ya ɗumama ya taɓa tsirkiya ɗaya tak, kai, ɗakin gaba ɗaya sai ya cika, sauti ne fes mai ƙiba wanda ko yaya ka buga ba ya tsage maka kunne.

Bara da hunturu amf ɗin ya fara tari, yana aiki sai ya yi ƙaf-ƙaf ya dawo. Wani mai gyara da aka kai wa can baya ya taɓa sa masa fiyus da ya fi ƙarfinsa, kuma samun kwalaben 6L6 masu kyau a garin nan sai an yi oda an jira. Tsoro ya kama ni kada wata rana a kawo wuta da ƙarfi shi kenan. Nace Baba ka ba ni dama in ɗauki muryar amf ɗin nan in ajiye a laftof. Ya dube ni ya ce ɗana, rikodin za ka yi na ina bugawa? Nace a'a Baba, shi kansa amf ɗin zan ɗauka, yadda ko bayan shekaru in na jona jitata zan ji shi. Ya girgiza kai ya ce to Allah ya ba da sa'a, mu dai gani ya kori ji.

Na je da laftof da sawun kad da makirfo Shure SM57 na aro da ɗan akwatin riyamf mai tura sautin laftof cikin amf, muka tada janareto don ba na son wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, muka ja shi can bayan gida saboda ƙararsa kada ta shiga. NAM yana da wani fayil na gwaji na kusan minti 3 da ake turawa cikin amf a ɗauki abin da ya fito. Abu na farko da ya ɓata wa Baba rai shi ne da nace sai mun kashe ribab, wato amsa-kuwwa, da tiremolo mai kaɗa sauti, don irin wannan ɗauka ba ta iya kama abin da ke jan lokaci ko yake kaɗawa. Ya ce to ai ka cire wa miyar gishiri. Gaskiyarsa ne, ribab ɗin Twin na sifirin ne na gaske, wasu ƴan ƙarafa a cikin tanki a ƙasan akwatin, kuma Baba bai taɓa kiɗa babu shi ba. Haka dai muka yi. Ƙarar gwajin nan ta sa yaran maƙwabta suka taru a bakin taga suna leƙe. Da dare na ɗora fayil ɗin a Google Colab, inda ake aron kwamfuta mai ƙarfi ta intanet, tunda laftof ɗina ba shi da ƙarfin koya wa NAM muryar amf ɗin, data ta sha wuya amma kafin in kwanta an gama.

Ranar na yi ɗauka biyu ne, kuma a nan darasin yake. Ta farko da makirfo a gaban sifika, wato amf da akwatinsa da makirfon duk a dunƙule. Ta biyu na ɗebo sautin daga bayan amf kafin ya shiga sifika, ta wani akwatin DI da ke jure wannan ƙarfin, sifikun na nan a jone. Wannan dan Allah a kiyaye, amf mai kwalba ba a kunna shi a buga babu sifika ko abin da zai tsaya a madadinta, tiransifomarsa ta fita tana iya ƙonewa, kuma tana cikin kayan da suka fi tsada a ciki.

Da na saurari ta biyun ita kaɗai na ɗauka na lalata aikin. Tsiii kawai, siririya, ga ƙaiƙayi a sama, ko kusa ba Twin ɗin Baba ba. Sai na ɗora mata IR na akwatin sifika biyu mai buɗaɗɗen baya, nan take ga wani abu mai kama da shi. Na canza na sa IR na babban akwatin Marshall rufaffe mai sifika 4 irin Celestion Vintage 30, sai ga wani amf daban kwata-kwata, mai ƙirji, mai tsini a tsakiya, kai ka ce ba kwalaben nan ba ne. Na sa na Greenback, wata sifikar Celestion ɗin, ya sake zama wani. Fayil ɗin amf ɗaya ne fa ban taɓa shi ba. Na kai ƙarfe 2 na dare ina wannan canje-canjen, daga baya na juya gwajin, na riƙe IR ɗaya na dinga canza amf, modelin ɗin Twin da ke cikin fedal ɗina da furofayil ɗin Baba, kuma tsakani da Allah bambancin da ke tsakaninsu bai kai rabin wanda canjin akwati ya kawo ba.

In ka yi tunani ai ba abin mamaki ba ne, mu da muka taso muna ganin gurmi da kuntigi. Ɗauki tsirkiya iri ɗaya ka ɗaura a ƙwarya, ka ɗaura wata a gwangwanin kifi da aka rufe da fata, hannu ɗaya ya kaɗa su, ba wanda zai ce maka murya ɗaya ce. Sifikar jita ba a yi ta don ta faɗi gaskiya ba, ba kamar ta hol ko ta situdiyo ba. Daga wajen 5kHz zuwa sama take fara yanke sauti, ƙasa sosai ma ba ta kai wa, a tsakiya kuma tana da tuddai da kwaruruka nata na kanta. Wannan yankewar ita ke tace ƙazantar distoshon, wato gurnanin nan, ta bar mai daɗin. Sifikun hol kuwa suna da tuwita, ƴar sifikar da ke fitar da sautin sama, duk abin da ka ba su za su furta har sama, to in ka tura musu amf babu akwati shi ne zumar da yaron nan ya ji a Barnawa. In kuma ka kunna CAB ɗin fedal sannan ka shiga amf mai sifikar jita ta gaske, ka tace sau biyu kenan, shi ne bargon da ya ji a gida.

Shi IR ɗin ba wani abin tsoro ba ne, ɗan ƙaramin fayil ne na wav, wanda da yawa fedaloli samfur 1024 ko 2048 kawai suke ɗauka daga ciki, 1024 ɗin a 48kHz wajen milisakan 21 ne kawai. Ana tura sauti ta sifikar a ɗauka da makirfo a fitar da yadda ta canza shi. Don haka ba akwatin kaɗai ke ciki ba, har makirfon da inda aka ajiye shi. Matsar da SM57 daga tsakiyar sifika zuwa gefe da faɗin yatsu biyu, kaifi ya ragu duhu ya ƙaru. Shi ya sa za ka sauke tarin IR na akwati ɗaya ka ga fayil ɗari, kada ka ruɗe, wuraren makirfo ne. Abin da IR ba ya iyawa shi ne gurnani, ba ya kama yadda takardar sifika ke wahala in an ƙure ta, shi tacewa kawai ya sani.

Bayan sati na koma Kakuri da laftof da sifikun situdiyo ƙanana guda biyu na jona wa Baba jitarsa. Ya buga, ya tsaya, ya sake bugawa a hankali sannan da ƙarfi, ya rage boliyom ɗin jitar da ɗan yatsa ya ji ya washe kamar yadda nasa ke yi, naga ya gyaɗa kai. Can ya ce muryarsa ce ɗana, ban musa ba, amma wannan kamar ina jin sa ne a rediyo, nawa kuwa a ƙafata nake jin sa. Na daɗe ina juya maganar nan don ta fi duk bayanin da na taɓa karantawa. Abin da furofayil da IR ke ba ka shi ne abin da makirfo ya ji daf da sifika, wato sautin faifai. Shi kuma Baba shekara da shekaru yana tsaye ne gaban akwati mai buɗaɗɗen baya, iska na fita gaba da baya tana dukan bango tana dawowa, tana kaɗa masa ƙafar wando. Yawancin masu cewa dijital ba ta da rai inaga wannan suke nufi, kuma ba laifin modelin ko furofayilin ba ne, ko wanne ka saya haka za ka ji muddin ta sifikar hol ko hedfon kake saurare. Su kuma mutanen da ke zaune a hol ko a coci, dama can abin da makirfo ya ji shi suke ji.

To wanne zan ce mutum ya saya? Ga inda na tsaya, kuma na san wasu a gurup ba za su ji daɗi ba. Mu a nan mafi yawanmu ba mu taɓa tsayawa gaban AC30 na gaske ba, kuma aikinmu yau biki gobe coci jibi situdiyo, wannan hol tayil ne ko'ina wancan rumfa ce a fili, mai kibod ya cika tsakiya mai ganga ya cika ƙasa, kana buƙatar abin da za ka murɗa nan take ya saurare ka. Wannan aikin modelin ne. Furofayil ɗin da ka sauke daga intanet kunnen wani ne, da jitarsa da ɗakinsa da irin kiɗansa, galibi ma masu kiɗan rok ne suka ɗauka da gen har wuya, kai kuma kana son sauti fes mai ɗan cizo irin wanda masu jitar Agadas ke yi ko na hailaif, sai ka wuni kana bincike cikin ɗaruruwa. Ga kuma kuɗi, Kemper ko Quad Cortex sun fi sabon babur tsada. Amma in kana da wani amf takamaimai da kake ƙauna, wanda ka san muryarsa kamar ta ɗan'uwanka, to nan furofayilin ba shi da na biyu, don babu kamfanin da zai zauna ya yi modelin ɗin Twin ɗin Baba da tsofaffin kafasitocinsa da duk abin da shekaru suka yi masa.

Abin da nake gaya wa yarana shi ne kafin ka sayi kowane fedal ka tambaya yana karɓar IR na waje? NUX MG-30 da Valeton GP-200 suna karɓa, Boss GT-1 ba ya karɓa duk da yana da nasa akwatunan a ciki. Ka nemi IR biyu ko uku da kunnenka ya yarda da su ka tsaya a kansu, ka yanke ƙasa wajen 80 zuwa 100Hz don ka bar wa mai bes wurinsa, ka yanke sama wajen 6 zuwa 8kHz, kuma ka yi saitinka da ƙarfin da za ka yi kiɗa da shi, don abin da ya yi daɗi a hedfon da tsakar dare yakan zama wuƙa a hol. Sannan ka je da wuri ka gaisa da mai sawun, ka ce oga ga abin da zan turo maka, akwati na ciki, a bar min ikyu, wato su bes da midil da tirebul, a miƙe tukuna.

Kuskure ɗaya da na yi a Kakuri shi ne ban ɗauki IR na akwatin Twin ɗin shi kaɗai ba, ga ɗaukar makirfon kuma wuri ɗaya na yi, daf da tsakiya, ta ɗan fi yadda Baba ke so kaifi. Na kira shi jiya ya ce amf ɗin na nan yana tarinsa amma yana tashi. Mun yi da shi ranar Lahadi bayan la'asar zan koma, wannan karon da makirfo biyu, ɗaya a gaba ɗaya a bayan akwatin, zan kuma gwada ɗaukar tankin sifirin ɗin daban in ga ko zai kamu. Ya ce in taho da igiyar wuta mai tsawo, ta wancan karon ba ta kai janareton nesa yadda ya kamata ba.